Tumbina Ya Riga Ni Isa Gida

Daren jiya na yi wani mafarki, kuma ina so in rubuta shi bi da bi kafin ya watse mini, kamar yadda nake sa ɗalibaina su rubuta labarin hutunsu.

Amma bari in fara da abin da ba mafarki ba, don a gane. Wata biyar ke nan da aka yi mini tiyatar rage tumbi. Ƙiba ce ta yi mini yawa, ciwon suga ya biyo baya, gwiwoyina suka gaza, har ta kai a kan kujera nake salla. Likita ya yanke mafi yawan tumbin, ya ɗinke abin da ya rage. Yanzu loma biyar ce cin abincina, kowace sai na tauna ta sosai, kuma ba na haɗa ci da shan ruwa. In na ƙara loma guda, ƙirjina ya ɗaure, zufa ta karyo, amai ya biyo baya. Matata Balaraba ta sani. Inna, mahaifiyata da ke ƙauye, ba ta sani ba. Ni ne ɗanta na fari, ita kuma irin matan da ce masu kunya: shekara hamsin da biyu ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa tsayar da ido a kaina ba. Duk abin da take so ta faɗa mini, a akushi take zuba shi ta turo. In na cinye, ta san na ji. Yau ne zan je gaishe ta, karon farko tun bayan tiyatar, kuma na kwanta da shirin in ce mata azumi nake yi.

A mafarkin sai na gan ni a tashar mota da hantsi. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tsattsafowa ya hau sama, saboda haka kowa ya riƙe lemarsa a kife wajen gwiwa. Wata jar akuya ce ke zaune a teburin rubuta fasinjoji, da tabarau a hancinta, tana tuƙa a hankali.

"Suna?"

"Shu'aibu Ila, malamin makaranta."

Ta bi takarda da kofato. "Ya riga ya zo. Yana cikin mota."

"Ni ne ai, ranki ya daɗe."

"Hau sikeli."

Na hau. Ta duba, ta ɗan dakatar da tuƙar. "Rabinka ne ya zo. Ina sauran?"

"Likita ya cire."

"To shi ne a mota," in ji ta. "Ba a rubuta suna ɗaya sau biyu. Ku je tare. Wanda mahaifiyarku ta karɓa, shi zai riƙe sunan. Ɗayan kuma a ɗaure shi a saman mota, ya dawo nan a matsayin kaya."

Ban yi gardama ba. Na ga maganarta tana kan tsari.

A kujerar baya na same shi. Ya cinye wurin mutum uku, yana sanye da shuɗiyar babbar rigata, wadda Balaraba ta naɗe ta sa a ƙasan akwati tun da ta fara jan ƙasa. Ba shi da ido, ba shi da hanci, baki ne kawai a ƙarƙashin hulata. Na gane shi nan take. Tumbina ne, wanda aka cire.

"Malam ke nan!" in ji shi. "Wata biyar ko aike babu. Matso mana, ai ba baƙo ba ne ni."

Na raɓe a gefen ƙofa. "Ina za ka?"

"Wajen Inna. Ni ta sani. Kai dai rakiya kake yi mini duk shekarun nan." Ya yi gyatsa cikin ladabi. "Ko ka gaya mata?"

"Zan gaya mata."

"Haka ka ce a asibiti. Ina cikin tasa ina jin ka."

Motar ba ta motsa ba. A ƙasar mafarkin, mota tsayawa take yi, garuruwa ne ke zuwa su wuce ta ɗaya bayan ɗaya. Direba yana riƙe da sitiyari yana gaishe su.

Wani gari ya zo ya tsaya cik. Masu talla suka rufe tagogi: balangu, masa da man shanu, awara, fura mai sanyi. Direba ya juyo. "Garin nan ba ya wucewa sai kowa ya ci. Jama'a, a taimaka."

Kowa ya hau ci. Tumbi ya karɓi tiren balangu har da takardar da aka shimfiɗa. Ni kuwa na zaro 'yar robar da Balaraba ta ɗaure mini: dafaffen ƙwai guda da ɗan yankin kifi. Na gutsura, na fara tauna.

Wata dattijuwa a kujerar gaba ta leƙo ni. "Bawan Allah, ciwo ne?"

"Lafiya lau nake, Baba."

"Lafiya a ina? Dubi wuya kamar na zabuwa. Matarsa ce ba ta ba shi abinci."

"A'a, sammu ne," in ji wani mai rawani. "Haka aka yi wa ƙanen surukina."

"Ku bar shi," in ji Tumbi da baki cike. "Ƙidaya yake yi. Sai ya tauna sau talatin."

Sai duk motar ta ɗauki ƙidaya da murya ɗaya, kamar 'yan aji biyu: sha ɗaya, sha biyu, sha uku. Har masu talla. Wani ya tsallake sha bakwai, ni kuma, da halin koyarwa, na ɗaga hannu aka koma baya. Ƙwan ya tsaya mini a maƙogwaro. Ƙishirwa ta kama ni, ga ruwa yana tashi daga ƙasa dab da taga, fari tas, in na miƙa hannu zan taɓa. Amma sai bayan rabin awa nake shan ruwa, agogon direba kuwa baya yake tafiya. Tumbi ya fasa lemon kwalba da haƙori ya miƙo mini, iskar tana tsalle a bakin kwalbar.

"Kurɓa ɗaya, Malam. Don zumunci."

Na girgiza kai.

"To ni ba zan iya jira ba. Tuwo na hucewa." Ya buɗe ƙofa ya sauka, ya tattare rigar, ya kama hanya a ƙasa. Ina kallon shuɗin yana ƙanƙancewa a kan titi. Saura loma uku a robar. Na so in haɗiye su haka nan in bi shi. Na tuna abin da hakan yake jawowa. Na ci gaba da tauna, motar tana ƙidaya.

Sai ga ni a tsakar gidanmu. Tumbi yana zaune a kan tabarmata, a inuwar durumin da nake zama tun ina saurayi. Maƙwabta sun jeru a kan katanga kamar tantabaru. Jar akuyar nan ta riga ni zuwa, ta kafa teburinta kusa da rumbu. Inna tana gaban murhu, ta ba mu baya, tana tuƙa tuwo da muciya mai tsawon tabarya.

Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa wa tukunya, kamar kullum.

"Hajiya," in ji akuya, "mutum biyu ne, suna ɗaya. Kira sunan ɗanki, wanda ya amsa shi ke nan."

Muciya ta tsaya. Inna ba ta juyo ba.

"Ba za ta kira ba, ranki ya daɗe," na ce. "Ɗan fari ne."

Akuya ta rubuta. "To a kawo tuwo."

Inna ta turo akushi biyu ba tare da ta dube mu ba. Tuwon dawa ne, miyar kuka, man shanu ya kwanta a sama yana ƙyalli. Tumbi ya ɗaga faifai, ya yi bisimilla, kafin in wanke hannu ya suɗe akushin, ya ce, "Inna, da ƙanzo?" Da muryata ya faɗa, daidai yadda nake faɗa. Na ga kafaɗun Inna sun saki don jin daɗi. Mutanen kan katanga suka ce, "Wannan shi ne. Wannan Shu'aibu ne."

Na jawo nawa. Da na ɗaga faifan sai akushin ya buɗe ya yi faɗin rijiya. Na yanki loma ta fari. Tuwon Inna ne sak, har da ɗan ƙaurin hayaƙin nan. Na tauna. Ta biyu. Ta uku. Babu mai ƙidaya yanzu. A ta huɗu na ji cikina ya cika. A ta biyar na ji ɗinkin likita yana miƙewa, kamar zare a bakin buhun da aka danna wa hatsi.

Tuwon ko alamar taɓawa bai nuna ba.

Inna ta yi magana da katanga. "A gaya wa mutumin nan tuwo na hucewa."

"Ko ya raina girkin ne?" in ji wata daga sama.

"Cimar birni ta ɓata shi."

Na yanki ta shida. Na tsoma ta a miya. Zufa ta karyo mini tun daga ƙeya. Na san in ta shiga, zaren zai tsinke. Na kuma san in ta koma akushi, na mayar wa Inna da maganarta ke nan a gaban jama'a. Tumbi ya matso ya raɗa mini: "Ka ce azumi kake. Ai ka shirya." Alhali ga miya a hannuna har wuyan hannu. A mafarkin na ga kamar za a iya yarda.

Akuya ta ɗaga hatimi. Na hango igiyar ɗaure kaya a ƙarƙashin teburinta.

Na mayar da lomar cikin akushi.

"Inna," na ce. Ban faɗa wa katanga ba, ita na faɗa wa. "Ba zan iya cinyewa ba. An yi mini aiki a asibiti, an rage mini tumbi, ga shi nan zaune. Da ba a yi ba, ciwon zai kwantar da ni. Yanzu ina kai goshina ƙasa in na yi salla. Loma biyar ce iyakata. Ba raini ba ne. Tuwon ya yi daɗi. Na ɓoye miki ne don ban san yadda zan dawo miki da akushi da saura ba."

Ruwan da ke hawa sama ya tsaya cak a iska, kowane ɗigo a inda yake. Inna ta jingine muciya. Ta shige ɗaki.

"Ta tafi," in ji akuya. "Miƙo hannu."

Ta fara naɗa mini igiyar. Daga ɗaki muna jin ana sauke kwanuka ɗaya bayan ɗaya, jeren nan da ba a taɓawa sai da dalili. Igiya ta kai gwiwar hannu. Ta kai kafaɗa. Tumbi ya gyara zama a tabarmata.

Inna ta fito riƙe da wani ɗan ƙoƙo, bai fi tafin hannu ba. Ya taɓa tsagewa an ɗinke shi da zare, ɗinki ƙanana a jere. Ta durƙusa ta ɗebi tuwo kaɗan daga akushin ta zuba, ta ɗiga miya, ta ajiye a gabana. Da ƙoƙon take magana.

"A gaya masa da wannan aka yaye shi. Loma uku yake ci ya kau da kai. Wata bakwai ina bin sa da shi a tsakar gidan nan, mutane suna cewa ba zai rayu ba." Ta nuna Tumbi da haɓa. "Wancan daga baya ya zo. Ni na yi kiwonsa, amma ba shi na haifa ba."

Igiyar ta zube. Tumbi ya buɗe baki zai yi magana, sai rigar ta faɗi a tabarma babu kowa a ciki. Akuya ta ja rigar ta fara tauna hannunta.

Inna ba ta tashi ba. Muryarta ta yi ƙasa.

"A kuma gaya masa, an kwantar da shi an sa masa wuƙa ban sani ba. Ko addu'a ba a bari na yi ba. Da bai tashi ba fa?"

Sai ta ɗago. Ta dube ni, ido cikin ido, abin da ban taɓa gani ba. Idanunta ƙanana ne, ashe, masu ruwan ƙasa. Ta ja numfashi, leɓɓanta suka haɗu za su fitar da suna.

Ƙwas, ƙwas, ƙwas.

Na buɗe ido. Gari ya waye. Balaraba ce a bakin ƙofa take fasa dafaffen ƙwai da bayan cokali, 'yar robar tana kan cinyarta.

"Malam, ka makara, mota ba za ta jira ka ba. In tura robar ƙasan jaka kamar yadda ka ce? Har yanzu azumin za ka ce mata kana yi?"

Na shafa wuyan hannuna. Babu igiya, babu miya.

"A'a," na ce. "Sa ta a sama. A gabanta zan buɗe."