Layi na Uku na Waƙar Akuya

"Ba ni kalma," in ji Baba Istifanus daga kan gado, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Baba, likita ya hana ka surutu," 'yarsa Dinah ta ce.

"Surutu ya hana, bai hana waƙa ba."

Malam Kailani tela ya gyara zama a kan kujerar roba, gumi na keto masa. Tun da tsohon malamin makarantar nan ya yi ritaya ya tare a Tudun Wada, kullum da safe Kailani zai jefo masa kalma ta saman katanga, shi kuma ya mayar masa da waƙa mai layi uku, ba ƙari. Layin ƙarshe kuwa nan yake ajiye hukuncinsa, ko yabo ko cizo.

Yau dai neman yafiya ya kawo Kailani. Akuyarsa ta daɗe tana cinye zogalen Baba, shi kuma kullum rantsuwa yake cewa ta gidan maƙwabcinsu Sabo ce. Ga mutum yana shirin tafiya, ga kunya ta ɗaure masa baki.

"Akuya," ya ce, kansa a sunkuye.

Baba ya buɗe ido ɗaya.

"Akuyar Kailani ta ci zogalena,
ta je ta haihu ta dawo da 'ya'yanta..."

Sai barci ya kwashe shi, har da minshari. Kailani ya yi tari, ya ja kujera da ƙarfi, a banza. Dinah ta raka shi ƙofa.

Ranar duk wandon da ya ɗinka sai da ya farke shi. Kafin la'asar kuka ya tashi a bayan katanga.

Washegari ya shiga gaisuwa, matan coci sun cika tsakar gida suna waƙa. Dinah ta ja shi gefe, idonta jawur.

"Ya farka da rana, Malam. Ya ce lallai in ba ka layi na uku."

"Ina ji," in ji Kailani.

"Wai, 'Kar a kore ta, ta fi mai ita zumunci.'"

Kailani ya yi dariya har hawaye suka zubo masa a gemu. Can bayan kujerun masu makoki akuyar ta ɗora ƙafafunta a kan zogalen. Wani yaro ya ɗauki sanda, Kailani ya riƙe masa hannu.