Gonar da Ba a Ɗauka a Kai

Nowaga ya tsaya a tsakiyar dawar Rasmata yana auna zangarniya da tafin hannunsa. Haka ya yi bara kafin ya ƙwace gonarta ta farko.

A garinmu da ke yankin Yatenga mace ba ta da ƙasa, aro ake ba ta. Da mijin Rasmata ya rasu, wansa Nowaga ya yanka mata wani fako da ko akuya ba ta tsayawa a kai, ya ce ta ci da 'ya'ya huɗu. Abin da ta gada kawai tsohuwar waya ce da aka ɗaure da roba. A cikinta akwai wata lamba, in ka kira sai wata mata ta yi maka bayanin noma da yarenmu na Mosanci. Ita ta ce a haƙa ramuka tun da rani, a zuba taki cikin hannu a kowanne, kada a shuka da ruwan farko sai saƙo ya zo.

Mun yi mata dariya, har da ni, ina jin kunyar faɗa. Da kaka ta ɗaure dami goma sha tara. Nan take Nowaga ya tuna gonar gado ce, ya karɓe, ya ba ta wani fakon.

* * *

Bana Nowaga ya shuka da ruwan farko, bai haƙa ko rami ɗaya ba. Kwana goma sha biyu sama ba ta ɗiga ba, shukarsa ta ƙone. Dawar fakon Rasmata na biyu kuwa ga ta ta fi mutum tsawo.

"Yaya, in ɗauka za ka yi, ɗauki," ta ce. "Akwai sauran fako a bayan gari."

Shi kuwa rumbunsa babu ko ƙwaya. Sai ya tambaya a hankali, me matar nan ta waya take cewa.

Rasmata ta ce sai ya faɗa a gaban dattawa cewa wannan gonar tata ce har ta mutu. Ya faɗa, muna zaune, daɗi ya kama ni har na yi guɗa.

* * *

Da rani ya zo jin sirrin. Ta miƙa masa tsohuwar fartanyarta.

"Matar waya ta ce a fara da rami dubu takwas, Yaya."

Har azahar ina hango shi a duƙe a gonar da ya ƙwace.