Yaya Ya Wanke Inji

Ranar Laraba injin bas ɗinmu ya buga, saura kwana goma sha biyu a koma makaranta. Da wannan bas nake kai yara goma sha huɗu makaranta in dawo da su, da ita nake ciyar da matata da 'ya'yana biyu. Shugabar makarantar ba ta yi mini ɓoye-ɓoye ba: in ranar komawa ban zo da mota ba, wani za ta ba aikin.

Abin haushin, bas ɗin gadon mahaifinmu ce, ni da yayana muke da ita. Yaya ma'aikacin ofis ne, ko taya bai taɓa canzawa ba, amma in ana zancen mota sai ka rantse shi ya ƙera ta. Duk abin da za a kashe mata sai ya sa baki, kuma bakin nasa ba ya gajiya.

Bakanikenmu, wani dattijo da bai cika surutu ba, ya sauke injin ya warware shi. Ya shimfiɗa kwali a ƙarƙashin rumfa, ya jera kayan a kai, kowanne ya rubuta masa lamba da alli.

Ya ce, "Hanya biyu ce. Ko a sayo injin hannu a ɗora, kwana biyu an gama, sai dai ba ka san abin da ke cikinsa ba. Ko a gyara wannan, a goge karanshaf, a sa sabon ringi da metal. Kwana biyar, rabin kuɗin wancan."

Na ce a gyara. Yaya ya ɗaga mini hannu.

"Kai matsalarka gaggawa. Bari in yi bincike."

Kwana shida ana bincike. Ya kalli bidiyo a waya har idonsa ya yi ja. Ya tambayi wani abokin aikinsa da ke zuwa ofis a keke. Ya ja layi a takarda, gyara a dama, saye a hagu, kullum da safe ya aiko mini da hotonta kamar ita za ta ja motar. Ni kuwa barci ma ya ƙi.

A rana ta bakwai ya je garejin cikin fararen kaya, ya tarar bakaniken ya fita janyo wata mota. Ya ga kayan inji a ƙasa, baƙi ƙirin da mai, ya ce wannan ƙazanta ce, ba wanda zai yi masa farashin gaskiya a kan abu mai dauɗa. Ya tattara su kaf cikin bokiti ya tafi gida. Ruwa, garin sabulu, soson ƙarfe na wanke tukunya. Ya shanya su a tsakar gida, washegari ya zagaya da su kasuwa yana jin farashi shago-shago.

Da ya dawo da bokitin, har da murmushinsa. Bakaniken ya leƙa ciki, ya daɗe bai ɗago ba.

"Ranka ya daɗe, ina lambobin da na rubuta?"

"Allin nan? Ai na wanke shi tas."

Dattijon ya ɗauko ƙarfe guda ya juya shi a hannu. Tsatsa ta riga ta fara ci, ga karcen soso a inda ya kamata ya yi santsi kamar madubi.

"A cikin injin nan kowane murfi da tasa sandar. Shekara ashirin suna gugar juna, ba ya zama a kan wata. Ko na zauna ina gwada su ɗaya bayan ɗaya, wanda soso ya karce ya tafi ke nan. Yanzu gyara ya fi saye tsada."

"To a sayo na hannun," in ji Yaya, kamar shi ya ƙirƙiro dabarar.

"Wanda na samo muku an sayar shekaranjiya. Wani sai nan da mako guda, in an dace."

Wallahi da ba yayana ba ne, da bokitin nan a kansa zan kifa. Shi ko ko a jikinsa, cewa ya yi laifin bakanike ne da bai rubuta da fenti ba.

Ranar Litinin na tafi makarantar a ƙafa, ina shirya roƙon a ƙara mini mako ɗaya. Na tarar da wata farar bas a bakin ƙofa, direbanta na goge gilashi. Shugabar ta saurare ni har na gama, ta ce ta ji tausayina ƙwarai, amma yara ba za su jira inji ba. Sannan ta roƙe ni alfarma: sabon direban bai san gidajen ba, ko zan raka shi yau in nuna masa?

Na shiga na zauna a kujerar fasinja. Mun ɗau hanya ke nan wayata ta yi ƙara, Yaya ne, murya cike da farin ciki, wai ya gano wani shago da ringi ya fi araha, in ga amfanin rashin gaggawa. Na kashe wayar na sa a aljihu.

Na ce wa direban, "Sha kwanar nan. Gida na uku, mai koren ƙyaure. Kada ka yi ham, kakar yaran ba ta da lafiya."