Wayar da Ezra ya saya wa Mama

Ezra malamin kwamfuta ne a wata sakandare a unguwar Yara, kuma ya daɗe yana jin nauyin wayar da mahaifiyarsa, Mama Filomina, ke riƙewa a coci. Murfinta ma da roba aka ɗaure. Da Kirsimeti ya kawo mata sabuwa fil, ya goge tsohuwar tas, ya ba wani maƙwabci.

A tsohuwar akwai wata 'yar manhaja da marigayi Jonatan, ɗan katikis ɗin cocinsu, ya haɗa shekarun baya, cike da waƙoƙin coci da yaren Mada. Idon Mama ya yi rauni, ita take kunnawa kowace safiya tana shara. Ezra bai damu ba, tunda ya kwafe ta a filashi.

Sabuwar waya ta ƙi karɓa. Ya gwada har ya gaji.

"Sabis ne babu, Mama," ya ce, yana kallon ƙasa.

Kwana uku yana faɗin haka, kafin ya lallaɓa shagon Akanbi mai gyaran waya a Tudun Ƙofa. Akanbi ya duba, ya ɗago kai.

"Oga Ticha, ƙwaƙwalwar wannan wayar sabon tsarin manhaja, mai bit sittin da huɗu, kawai take ji. Manhajarka 'yar tsohon tsari ce, mai talatin da biyu. Sun toshe wa tsofaffin hanya gaba ɗaya. Ba kai ke koya wa yara wannan ba?"

Shi ne kuwa. A zangon da ya wuce ya cika allo da wannan darasi, har yana yaba wa kamfanoni da suka sauke tsohon kaya. Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Maƙwabcin ya riga ya aika tsohuwar wayar ƙauye. Akanbi ya tono wata tsohuwa a ƙasan akwati, gilashinta a tsage, suka zuba manhajar. Nan take waƙa ta tashi.

Ezra ya durƙusa gaban Mama ya miƙa mata.

"Ba sabis ba ne, Mama. Ni na yi garaje, sannan na yi miki ƙarya."

"Ai na sani. Waƙoƙin nan ko a gona da babu sabis ina jin su," ta ce, tana shafa gilashin. "Tashi. Ƙaro mini murya, ba na ji sosai."

Ya ƙara mata, bai iya haɗa ido da ita ba.