Hon ɗin da Ke Ƙasan Duro

A filinmu mota ba ta mutuwa gaba ɗaya. Janwe, motar da ke jawo ta, na sauke ta, sai mu tsiyaye baƙin mai, mu cire batir, mu kwance duk abin da ke da sauran amfani, kowane iri da duronsa: fitila da fitila, madubi da madubi, hon da hon. Gangar jikin ce kaɗai ke tafiya a narka. Ni ne mai kwancewa, kuma ina son aikina, ko da yake faratana sun manta launinsu na asali.

Wata safiya wani tsohon direba ya shigo da kekensa. Na gane shi, bas ɗinsa muka yanka kwanan baya.

"Ɗana, hon ɗina nake nema."

Na nuna masa duron, cike fal. "Baba, ɗauki wanda ka ga dama, duk suna ƙara."

"Ba ƙara na zo nema ba."

Ya zauna kan wata taya ya ba ni labari. Matarsa ta daɗe da rasa gani. Shekara da shekaru, in ya shawo kwanar layinsu sai ya danna hon, ita kuma ta san maigida ya dawo lafiya. Tun da bas ɗin ta tafi, yamma na yi sai ta kasa zaune ta kasa tsaye, abincin ma sai an yi da gaske. Ta san babu motar, amma kunnenta ya ƙi yarda.

Tausayi ya kama ni. Na jawo batir da waya muka fara gwaji. Duk wanda na taɓa, Baba sai ya gyaɗa kai ya ce kamar shi ne. Ashe rugugin inji ya daɗe da cinye masa kunne.

Mai waldanmu ya tuntsire da dariya. "Baba, kai ko bututu aka busa cewa za ka yi naka ne. Je ka kawo mai kunnen. In ta gane shi, ni zan ɗaura maka a keke da batirin babur."

Washegari ya zo da ita. Muka ajiye musu kujerar bas a inuwa, na ci gaba da gwaji, tana yanke hukunci.

"A'a, wannan na mai gaggawa ne."

"Wannan kuwa ko kunya ba ya ji."

Maigidan filin ya fito zai yi faɗa kan hayaniya, ya ƙare shi ne mai riƙe waya. Da muka kusa ƙasan duron sai na tuna wani lokaci nakan wurga masu tsatsa cikin ƙarafan narkawa. Na zaro wani lotsattse, baƙi ƙirin, na taɓa masa waya ba da wani fata ba. Ya yi kuka a dishe, kamar tsoho mai mura.

Tsohuwar ta miƙe tsaye. Ta gyara mayafi, ta juya fuska inda ƙarar ta fito.

"Sannu da zuwa," ta ce.

Baba, wanda ke zaune gefenta tun safe, ya goge ido da hannun riga.

"Yawwa. Na same ku lafiya?"