Haƙorin Makkan Goggo

Ni dai har gobe idan na tuna abin da Yaya Gwadabe ya yi sai miyau ya taru a bakina kamar zan tofar. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, shi ne babba ni ce auta, amma wallahi da ana mayar da ɗan'uwa kasuwa da tuni na kai shi na karɓo ko buhun dusa ne.

Mahaifiyarmu, wadda kowa ke kira Goggo, tana da haƙorin Makka, a sama gefen dama, inda ake gani da zarar ta buɗe baki. Shekara da shekaru ta yi tana matsar man gyaɗa da suyar ƙuliƙuli a Rogo Ruma, ta sayi tumaki, tumaki suka zama shanu, ta sayar da shanun ta biya kujerar Makka. Ba ɗan siyasa ne ya kai ta ba, ba kuma mu ba. Da ta dawo duk tsarabar rabarwa ta yi, har dabinon ƙarshe, haƙorin nan kaɗai ta bar wa kanta. Yanzu kowace mai gilashi da babbar waya Hajiya ce, ko filin jirgi ba ta taɓa gani ba. Amma tsohuwar ƙauye mai silifas, in ba don haƙorin ba wa zai ce mata Hajiya? Goggo in ta je tasha sai ta yi sallama tana murmushi, nan da nan ka ji an ce, "A'a, Hajiya ce? Ga wuri." Ita kuma ta ƙara washe baki.

Ni ina aure a Karaye, ina koyarwa a firamare. Da aka zo rijistar tsofaffi a inshorar lafiya ta gwamnati, ni na ɗauko ta aka yi mata hoto aka ba ta kati. Daga baya ta fara cewa haƙorin yana mata zogi in ta sha ruwan randa. Muka tsayar da magana a kan zan zo in kai ta asibiti a duba. Kafin ranar ta zo sai ga wayar Kande, matar Yaya.

"Sadiƙa, ki zo. Fuskar Goggo ta kumbura."

"Kumburin me? Ba zogi kawai ta ce ba?"

"Ke dai ki zo, ba a bakina za ki ji ba."

Tun daga ƙofar ɗaki wari ya tare ni, irin na naman da aka manta a cikin leda. Goggo na zaune a tabarma ta ɗaure haɓa da ɗankwali, kuncinta na dama ya tashi har ya danne ido. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa da ka. Na ce ta buɗe in gani. Ta ƙi, na lallaɓa, ta buɗe. Innalillahi! Babu haƙorin Makka. Wani ɗan guntu ne baƙi ƙirin a wurin, dasashin ya yi jajur yana tsattsafo da mugunya. Sai da na fita na tofar a bayan ɗaki.

A nan Yaya ya same ni, yana sakace da tsinke, fuskarsa fes kamar wanda ya ci riba a kasuwa.

Sai na faɗi ko wane ne Yaya Gwadabe. Noma yake, amma babbar sana'arsa bin layin tallafi. Yana da riga ta musamman, yagaggiya a kafaɗa, ba ya saka ta sai ranar rabo. In ya ji masu rubuta sunaye za su zo don taki ko hatsi, tun da safe zai kora awakinsa gidan maƙwabcinsa Muntaka, ya tura babur bayan rumbu ya lulluɓe da kara, ya zauna a ƙofar gida ya yi kalar tausayi. Karatunsa ɗaya ne: gwamnati ba ta ba mai abu, sai wanda ta gani hannu wofi. Kuma da yake wani lokacin dabarar tana ci, ganin kansa yake ya fi kowa wayo a ƙasar Rogo.

"Yaya, ina haƙorin Goggo?"

"Yana nan a ajiye. Kwantar da hankalinki, malama, aiki ne na masu tunani." Ya gyara tsayuwa. "A rediyo na ji da kunnena, katin nan ya haɗa da haƙori. To ke a hankalinki, in ta je musu da zinare a baki za su ba ta wani? Cewa za su yi wannan ai mai hali ce. Shi ya sa na kai ta wurin Ilu ya cire. Yanzu ta je a haka, su saka mata sabo kyauta, ga kuma tsohon a hannu. Biyu ke nan."

"Wane Ilu? Ilu na kasuwa?"

"Akwai wani ne?"

Kai, jama'a! Kowa ya san Ilu mai haƙori. Ranar kasuwa yake shimfiɗa buhu kusa da 'yan kaji, ya jera kwalba cike da haƙoran mutane kamar kayan ado, ƙudaje na biki a kai. Filayarsa guda ce, da ita yake cire haƙori, da ita yake ɗaure sarkar kekensa, in ya gama da bakin wani ya goga a gefen wando ya ce na gaba. Wannan ƙazamin aka ba bakin uwata. Kande ta ce min da ya kama ya murɗa, har wata ƙara aka ji, ƙas, Goggo ta riƙe hannunta ba ta ko yi kuka ba.

Na koma ɗaki na ce, "Goggo, ke ma kika yarda?"

Da ƙyar maganar ta fito. "Yayanki ne ya ce." Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ɗan fari ne, kuma ba ta taɓa musa masa a gaban mutane ba. Kunyar da ake yabon iyayenmu da ita ce ya hau ya zauna a kai.

Washegari muka yi shirin tafiya asibiti. Sai ga Yaya ya fito da rigar tallafi. Bai tsaya nan ba, ya sa Goggo ta cire 'yan kunnenta, ta ɗaura wani koɗaɗɗen zane da take soya ƙuli da shi, ta yafa tsohon mayafi. Na ce wallahi ba za ta fita haka ba. Goggo ta ɗaga min hannu, ta gaji, ciwo ya hana ta rigima. Haka na bi su a baya ina cin raina.

A asibiti aka duba kati, aka tura mu ɗakin haƙori. Likitar mace ce, sunanta Bahijja, ba ta da hayaniya. Ko zama ba mu yi ba Yaya ya buɗe faifai, ya karya wuya, ya sassauta murya.

"Ranki ya daɗe, mu talakawa ne, ko na cefane sai Allah ya kawo. Tsohuwar nan ba ta da kowa ba ta da komai. A taimaka a saka mata haƙori, in da hali na zinare."

Likita ta saka safar hannu. Ta kwantar da Goggo, ta haska fitila, ta daɗe tana dubawa. Aka ɗauki hoton haƙorin. Da ta dawo sai ta ce, "Wannan haƙorin an taɓa goge shi an saka masa rufi. Ina rufin?"

"Rufi kuma? Ba mu san wannan ba," in ji Yaya.

Goggo ta tashi zaune. Ta jawo bakin mayafinta, ta kwance wani ƙulli a hankali, ta miƙa tafin hannu. Ga haƙorin Makka nan, filaya ta lanƙwasa shi ya motse kamar murfin kwalba da mota ta taka. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, ba don Goggo ba, don wannan ƙaton da ke tsaye yana sosa ƙeya.

Likita ta juya ga Goggo, da ita ta yi magana. "Hajiya, zogin da kike ji da farko wani ɗan rami ne a gefe, ga shi a hoto. Da kin zo da haƙorinki a yadda yake, ciko zan yi masa, ki tashi ki tafi da abinki a baki. Katinki ya ɗauki wannan. Ya ɗauki dubawa, da wankin haƙori, da ciko, da cirewa, da maganin da za mu rubuta. Abin da bai ɗauka ba shi ne saka sabo, na roba ne ko na zinare ko na azurfa. Wannan mutum shi yake yi wa kansa."

"To ai a rediyo cewa aka yi haƙori!" Muryar Yaya ta dawo daidai, ya manta da wuyan da ya karya.

"Ciwon haƙori ake magani, malam. Ba rabon haƙora ake ba."

"To wa ake ba na zinaren?"

"Babu wanda ake ba. Mai riga da marar riga duk abu ɗaya muke musu."

Ni ban ma kula shi ba. Na ce, "Likita, yanzu me za a yi?"

Ta ce wanda ya ɓamɓare rufin ya tsaga haƙorin har saiwa, ga mugunya ta taru a ƙasa. Babu abin da za a ɗora a kai kuma. Cirewa za a yi, in aka bar shi ciwon zai shiga muƙamuƙi.

Goggo ta kalli abin da ke hannunta, ta kalli likita. "'Yar nan, ba za a miƙe shi a mayar ba? Ko da ciwon. Ni zan jure, na saba."

Likita ta ce, "Ki yi haƙuri, Hajiya. Da zai yiwu da na yi."

Na ce in wurin ya warke ni zan biya a saka mata na roba, ko a ƙera wani mai ruwan zinare, ko albashina zai ƙare a kai. Goggo ta girgiza kai. "A ina za a yi shi?"

"A Kano, Goggo."

"To na Kano ne ke nan." Ta mayar da kanta ta kwanta. "Cire, 'yar nan."

Aka yi mata allurar kashe zafi. Ina riƙe da ƙafarta aka zaro shi gutsure-gutsure, wani baƙin jini da mugunya suka biyo baya, warin ya cika ɗakin. Ban kau da kai ba. Wanda ya jawo abin kuwa tuni ya sulale waje, wai shi ba ya iya ganin jini.

A ƙarƙashin bishiyar darbejiya muka same shi yana cin rake. Goggo na dafe da kafaɗata, an cusa mata auduga an ce ta cije kada ta yi magana. Ya dube mu ya ce, "An gama? Nawa suka karɓa?"

"Ba su karɓi komai ba."

"To alhamdu lillahi! Kin ga ai ba a yi asara ba. Ilu ma sai da ya karɓi nasa." Ya tofar da ɓawon rake, ya matso ya rage murya. "Wancan ɗin kuma, tunda ba shi da amfani yanzu, a ba ni in kai wa maƙeri ya auna."

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. "Yaya, tir! Wallahi tir da halinka. Awaki ka ɓoye, babur ka ɓoye, yanzu har bakin uwarka ka kwashe don a ce ba ta da shi. To ga shi nan ba ta da shi, burinka ya cika. Ka taɓa mayafin nan ka gani in ban tara maka jama'a ba!" Mutane suka fara waiwaye. Goggo ta matse min kafaɗa, wato in bari, yayana ne. Na bari, amma na ce gidana za ta tafi ta yi jinya, shi kuma ya kama gabansa da yagaggiyar rigarsa.

Muka taka zuwa inda motoci ke lodi. Wata mata ta riga mu isa, da gilashi da jaka mai sheƙi, ba za ta wuce sa'ata ba. Direba ya yi tsalle ya buɗe mata gaba. "Hajiya, bisimilla, ga wuri."

Goggo ta matsa kusa da shi. Ta ɗaga kai za ta yi masa murmushin nan nata na tasha, na ga leɓenta ya fara ɗagawa, sai jar auduga ta leƙo. Direban ya kalli koɗaɗɗen zanen, ya kalli bakin, ya yamutsa fuska.

"Iya, ke shiga can baya. Kuma don Allah kada a tofa min jini a mota."

Na buɗe baki zan wanke shi tas, in gaya masa wadda yake wa magana. Goggo ta riƙe min hannu. Ta ja mayafi ta rufe bakinta, ta sunkuya ta shige can baya kusa da buhunan masara. Har muka iso gida ba ta sauke mayafin ba, ɗaya hannun kuma yana kan ƙullin.