Bargon Lebusa

A ƙarshen hunturu ciyawar tudunmu takan bushe ƙayau, tumaki su rame. Lokacin ne maza ke sa mata wuta don sabuwa ta tsiro. Ran nan mijina Lebusa ya ce zai ƙona gangaren gabas.

"Baban Nthati, iskar nan ba ta kwanta mini ba," na ce masa.

"Uwar Nthati, yaushe kika zama bokanyar iska? Tuƙa tuwon masararki, yanzu zan dawo."

Ya hau dokinsa ya tafi. Tumakinmu suna kiwo a ƙetaren rafi, inda muke zaton wuta ba za ta kai ba.

Ina cikin tuƙi sai ga bareyi sun wuce ta bakin garke a guje, su da ko inuwar mutum ba sa yarda da ita. A bayansu ga dila, bai ko kalli kajina ba. Na yar da muciya na fito. Iska ta juya. Wuta ta tsallake rafi tana hawa tudu, fakaru na tashi a gabanta.

Na hango Lebusa ya isa wurin tumakin. Wuta ta tare su ta ƙasa, bayansu kuma dutse ne a miƙe. Ba mafita sai su keta ta zuwa inda ya riga ya ƙone. Doki ya tirje. Lebusa ya sauka, ya kora shi tare da tumakin ta inda harshen wutar ya yi ƙasa. Suka wuce. Kafin ya bi su, gurbin ya rufe.

Sai ya yi yadda iyayenmu ke yi, ya lulluɓe kansa da bargo ya afka cikin wutar. Kowa ya san bargon ulu ba ya saurin kama wuta. Amma nasa sabo ne, daga gari ya sayo, ashe zaren roba ne.

Na iske shi kwance cikin toka, bargon ya narke ya manne a bayansa. Maƙwabcinmu Ralejoe ya zo da amalanke da almakashin askin tumaki. Na kai hannu zan ɓamɓare bargon, ya dakatar da ni.

"Kar ki ja, baiwar Allah! Yanke gefen kawai."

Lebusa ya buɗe ido. "Sun haye?"

"Sun haye duka. Yi shiru."

"To kukan na mene ne? Dubi fuska kamar ta tsohuwar tunkiya."

Muka ɗora shi a amalanke. Asibiti na da nisa, hanyar duk duwatsu. Kansa na kan cinyata, ina ta kiransa yana amsawa. Muna gangarawa mashigin kogi na kira shi bai amsa ba.